"A Ƙara Ruwa!": Sinadaran Laushin Kankare da Abin da Ke Faruwa Ranar Zuba Dekin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar zuba dekin ya san wannan kira. Da hantsi ba a cika jinsa ba. Sai rana ta take, kwanon sarki ya fara nauyi a kan leburori, sannan murya za ta sauko daga sama: "Kai mai miksa, a ƙara ruwa! Abin ya yi tauri!" Mai miksa kuwa ba ya musu. Ya kamfato bokiti daga durom ya antaya, kwaɓi ya saki, aiki ya ɗauki gudu, ran kowa ya yi fari.

Na ji wannan kira a wani gini mai hawa biyu a Lugbe, cikin watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke kai wa maƙura. Na hana a ƙara. Foman wurin, dattijon da ya ce ya fara ɗaukar kwano tun ana gina Garki, ya ja ni gefe ya nuna mini wata fila da aka cika da rodi, da ƙyar yatsu uku ke shiga tsakani. Ya ce, "Injiniya, dubi nan. Ta ina busasshen kwaɓi zai bi ya sauka ƙasa? In ban sa ruwa ba, ranar da aka cire katako za ka ga ramuka kamar gidan rina, kuma ni za ka kira."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ba don in kwantar masa da hankali na faɗa ba, gaskiyar tasa ce. Masu rubutu a kan rushewar gine-gine sun saba ɗora laifin ruwa a kan jahilcin ma'aikata, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Mutumin da ke haurawa da kwano a ka tun safe ya san abin da yake nema: kwaɓin da zai zubu, ya ratsa rodi, ya cika lungu. Buƙatarsa halal ce. Abin da aka ba shi ya biya ta da shi, wato ruwa, shi ne ba daidai ba.

Siminti ba bushewa yake yi ba, irin yadda tubalin ƙasa ke bushewa a rana. Haɗuwa yake yi da ruwa su rikiɗe su zama dutse, shi ya sa yake kamawa ko da a ƙarƙashin ruwa ne. A buhu mai kilo 50, ruwan da ke shiga jikin simintin ya zama dutse tare da shi bai wuce lita 12 ko 13 ba. In aka haɗa da wanda ke maƙalewa a ƙananan kafofinsa, a ce lita 20. Duk abin da ya haura wannan, don sauƙin aiki aka zuba shi. Lita 25 ga buhu ta wadatar da yawancin aikin gidaje. Amma inda ake auna ruwa da ido, ba wuya a kai lita 30 ko 35, ban da wanda yashi ya zo da shi a jikinsa in damina ce.

Wannan rarar ba ɓacewa take yi ba. Wata ta taso sama ta kwanta a fuskar dekin, wata ta taru a ƙarƙashin rodi da tsakuwa, sauran ta ƙafe a hankali ta bar hanyoyi siri-siri kamar na gara a jikin azara. Ta nan ruwan sama da iska ke bi su iske rodi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Tun 1918 wani injiniya Ba'amurke, Duff Abrams, ya nuna a gwaje-gwajensa a Chicago cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka sa wa simintin ne. Daga lita 25 zuwa 35, ana iya rasa fiye da sulusin ƙarfin. Siminti iri ɗaya, buhu ɗaya, kuɗi ɗaya.

To me ya sa lita 20 ba ta isa kwaɓi ya yi laushi, alhali ta ishi simintin? Duk wadda ta taɓa dama kunu ta san gudaji. Garin siminti ma haka yake: da ya taɓa ruwa sai ƙwayoyinsa su manne wa juna su dunƙule, saboda fuskokinsu na ɗauke da cajin lantarki mabambanta da ke jan juna. Bambancin kawai, gudajin kunu busasshen gari yake ɓoyewa a ciki, na siminti kuwa ruwa yake kullewa. Ruwan na cikin miksa, amma a ɗaure yake, ba ya taimaka wa yashi da tsakuwa su zame. Aikin sinadarin laushi shi ne kwance wannan ɗauri. Yana lulluɓe kowace ƙwaya ya ba ta caji irin na 'yar'uwarta, sai su riƙa ture juna kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa ta fuska ɗaya. Gudaji ya watse, ruwan da ke kulle ya fito. Ba a ƙara ko cokali ba, amma kwaɓin ya saki.

Ɗiga wani abu kaɗan cikin kwaɓi don a canja halinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maginan zamanin da sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, sun san laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don soro ya jure ruwan sama. Abin da ya canja shi ne ƙarfin sinadarin da kuma ƙanƙantar abin da ake sa wa.

Sinadarin laushi na farko da ya bazu, tun shekarun 1930, liginosalfonet ne, wanda ake tacewa daga ragowar ruwan masana'antar takarda. Yana rage ruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, yana da araha, amma yakan zo da ɗan sukarin itace a jikinsa, don haka yana jinkirta kamawa. A farkon shekarun 1960 aka yi babban tsalle. Kenichi Hattori na kamfanin Kao a Japan ya fito da na naftalin, Jamusawa kuma suka fito da na melamin. Waɗannan biyun, da su ne rukuni na biyu, suna iya rage ruwa da kashi 15 zuwa 25. Conplast SP430, wanda injiniyoyi da ɗaliban jami'o'inmu suka fi sabawa da sunansa, daga dangin naftalin yake.

Na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa. A 1981 kamfanin Nippon Shokubai, shi ma a Japan, ya ƙirƙiro folikaboksilet. Siffar ƙwayarsa kamar mataji take. Gadon bayan matajin ya manne a jikin ƙwayar siminti, haƙoran kuma su miƙe cikin ruwa. In ƙwayoyi biyu suka nufo juna, haƙoran nan ne ke tokare su, ba caji kaɗai ba. Shi ya sa kaɗan daga cikinsa ke yin aikin da mai yawa na naftalin ke yi, har ya kan rage ruwa da kusan kashi 40, kuma laushin ya fi daɗewa. Masu haɗa shi suna iya tsawaita haƙoran ko su gajarta su, su ƙara yawansu ko su rage, gwargwadon abin da ake so: wanda zai saki nan take, ko wanda zai riƙe laushi awa biyu a hanya. ViscoCrete na Sika da MasterGlenium duk 'yan wannan gida ne. Da irin waɗannan sinadarai ne aka kai ga kankaren da ke cika katako da kansa ba tare da an girgiza shi ba, wanda Hajime Okamura da abokan aikinsa a Jami'ar Tokyo suka fitar a 1988. Dalilinsu kuwa abin lura ne gare mu: ƙwararrun ma'aikata sun yi ƙaranci a Japan, ingancin gine-gine ya fara faɗuwa. Da su kuma aka tura kankare ta bututu sama da mita 600 a ginin Burj Khalifa na Dubai.

Ranar nan a Lugbe ba mu da ko ɗigon sinadarin. Da injin girgiza da haƙuri muka ƙarasa, har bayan isha'i, kuma leburori sun sha wuya. Da lokacin dekin na biyu ya matso na zo da jarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kwana uku kafin zubi muka yi gwaji. Akwai wani mazurarin ƙarfe da ake auna laushi da shi, tsayinsa santimita 30, faɗin gindinsa 20, bakinsa 10. Ana cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, sannan a zare shi sama a hankali a ga yadda kwaɓin zai zauna. Na farko, da ruwan da muka auna, ya sauka kamar santimita 7, ya tsaya ƙiƙam kamar malmalar tuwo. Muka mayar da shi miksa, na zuba sinadarin, ƙasa da rabin lita ga buhu, muka bar shi ya juya minti biyu. Da aka zare mazurarin sai kwaɓin ya kwanta ya bazu a kan faranti, ya sauka kusan santimita 18, tsakuwa na tafiya tare da simintinta, babu ruwa ko kaɗan da ya tsattsafo a gefe. Baba ya tsuguna ya damƙi kwaɓin ya murza a tafin hannu, ya ɗago ya dube ni. "Injiniya, da gaske ba ka sa ruwa ba?"

Daga nan ne maganar ke rabuwa, domin ribar da sinadarin ya kawo ana iya kashe ta ta hanya uku. Ko a bar ruwan yadda yake a samu laushi, ko a rage ruwa a samu ƙarin ƙarfi, ko a rage ruwa da siminti tare ƙarfin ya tsaya inda yake. Ta ukun halal ce a hannun kamfanin da ke auna komai a sikeli, yana kuma fasa dunƙulen gwaji bayan kwana 7 da kwana 28. A hannun ɗan kwangilar da ba ya auna komai kuwa, ita ce ta fi ba ni tsoro. Ya ji an ce "kemikal na ƙara ƙarfi", sai ya zare buhu goma daga lissafi, bai rage ruwa ba, ya ɗauka jarka ta cike gurbin. Sinadarin ba ya ƙara ƙarfi da kansa. Rage ruwan da ya ba da dama a yi, shi ke ƙara ƙarfi. In an zare siminti ba a rage ruwan ba, ba a sami komai ba sai kwaɓi mai tsinkewa, tsakuwa ta nutse ƙasa, ruwan siminti ya bi ta haɗin katako ya tsiyaye.

Kalmar "kemikal" ɗin ma kanta tana ɓatar da mutane. A bakin 'yan kasuwa da magina, komai kemikal ne: garin hana yoyo, mai sa a kama da wuri, mai jinkirtawa, mai laushi. Alhali ƙa'idar Amurka ta ASTM C494 ta raba sinadaran kankare gida-gida, kowane rukuni da harafinsa, ta ce na rukunin A dole ya rage ruwa aƙalla da kashi 5, na rukunin F aƙalla da kashi 12. Turai ma na da tata, EN 934-2. Jarkar da ba ta da takarda a jikinta, wadda aka ɗura daga wani durom, ba wanda zai ce maka ga rukuninta, ga ranar lalacewarta, ga ko an sirka ta. Ni dai ba na yarda a kusanci miksa da irinta.

Sai yashi. Matajin nan mai ban sha'awa yana da babban maƙiyi, shi ne laka. Wasu nau'o'in yumɓu, musamman mai kumbura in ya sha ruwa, suna da ɓawo-ɓawo a jere, sai haƙoran matajin su shige tsakani su maƙale. Kafin sinadarin ya kai ga siminti, laka ta shanye shi. Mai aiki ya zuba, bai ga canji ba, ya ƙara, ya ƙara. Washegari tifa ta kawo yashi mai tsabta daga wani rafi, aka zuba adadin jiya, kwaɓi ya tsinke. Tsakuwar da ake fasawa daga duwatsun Mpape ba ta cika ba da matsala ba in an tankaɗe ƙurarta, amma yashi kowace tifa da halinta. Gwajinsa bai fi ƙarfin kowa ba: a zuba yashi a kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama da launinta daban. In kaurinta ya doshi ɗaya bisa goma na tsayin yashin, a wanke shi ko a mayar.

Siminti ma ba ɗaya ba ne. Na Obajana da na Ashaka da na Sakkwato kowanne da dutsen da aka ƙona da gwargwadon abin da aka gauraya masa, ga kuma mai lamba 32.5 da mai 42.5. Adadin da ya yi daidai da wannan yana iya gazawa ko ya zarce a wancan. In an canja siminti a tsakiyar aiki, a sake gwaji.

Wani abin da Abuja ta ƙara mana shi ne lokaci. Laushin da naftalin ke bayarwa bai cika wuce rabin awa zuwa awa ɗaya ba, zafi kuma na gaggauta tafiyarsa. Motar kankare ta taso daga inda aka kwaɓa, ta faɗa cunkoson Nyanya ko na hanyar Kubwa, ta iso kwaɓi ya fara tauri. Abin da direba zai fara kai wa hannu shi ne tiyon ruwan da ke bayan motar. A nan ne duk lissafin da aka yi a sikeli ke rushewa cikin minti ɗaya. Maganinsa shi ne a zaɓi nau'in da ke riƙe laushi, ko a haɗa da mai jinkirtawa, ko a rage wani kaso na sinadarin a zuba a bakin gini a ƙarƙashin idon injiniya, in kuma da hali a yi zubin da asuba ko da dare.

Mai jinkirtawa kuwa kamar kanwa yake a tukunyar wake, ƙiris ya gyara, ƙari ya ɓata. Sukarin shayi ma yana wannan aiki: kimanin giram 25 a buhu na iya ja da kamawa baya da awa huɗu, in ya yi yawa kuma simintin ya ƙi kamawa sam. Wanda ya saba aiki a Abuja ya hau Jos, sai ya yi hattara a nan. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma shi kaɗai ma yana rage wa siminti sauri. Adadin da ya cece ka a Gwagwalada cikin Afrilu, a Rayfield cikin hunturu zai iya barin dekinka ɗanye har washegari. In kafinta ya zo cire katako a ranar da ya saba, ba tare da an duba ba, hatsari ya samu. Hunturu na da wata illar kuma, a garuruwan biyu. Kankaren da aka rage wa ruwa ba ya fitar da gumi a fuskarsa kamar na da, busasshiyar iska kuma na zuƙe ɗan abin da ke akwai, sai fuskar ta tsattsage tun bai kama ba. Dole a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu da zarar an gama shafewa, a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. Ruwan da aka hana shi a miksa, a nan yake da amfani.

Abu biyu da nake gani a wuraren gini ina so a bari. Wasu birkiloli na barbaɗa garin sabulun wanki a kwaɓi don ya yi santsi. Yana yi kuwa, amma kumfa ce ke kawo santsin, kuma kowane kashi ɗaya na iskar da ta maƙale a kankare yana cin kusan kashi biyar na ƙarfinsa. Na biyu, masu sa a kama da wuri da ke ɗauke da kalsiyom kuloraid. Suna cin rodi, shi ya sa Birtaniya ta hana sa su a kankare mai rodi tun 1977.

Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji cikin Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. Gini ba ya faɗuwa da sanadi guda. Akwai tushe, akwai rodi, akwai zane, akwai hawan da ake ɗorawa ba izini, kuma ba jarkar da za ta gyara waɗannan. Amma duk lokacin da na ga hoton ɓaraguzai, hannuna ke ƙaiƙayin in ɗauki gutsure in murza, domin kankaren da ya sha ruwa fiye da kima yakan marmashe a hannu. Manyan kamfanonin da ke gina gadoji da dogayen benaye a tsakiyar Abuja sun daɗe suna amfani da waɗannan sinadarai, suna da sikeli da ɗakin gwaji. Makarantu da masallatai da gidajen haya na Lugbe da Kubwa da Mararraba kuwa, inda mafi yawanmu ke kwana da tashi, da kwanon sarki da bokiti ake zuba su. A nan rodi ya fi cunkushewa a siraran filoli, a nan injin girgiza ya fi ƙaranci, a nan kuma aka fi buƙatar laushin da ba na ruwa ba.

Masu bincike a Najeriya da Sudan sun gwada ƙaro, wanda Yobe da Jigawa da Borno ke samarwa, sun ga yana sassauta kwaɓi yana kuma jinkirta kamawa. Wannan hanya ce da ta cancanci Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, mai hedikwata a nan Abuja, ta bi ta har ƙarshe, domin yawancin abin da muke zubawa yanzu tushensa daga waje yake, farashinsa na bin dala.

Amma kafin a kai can, akwai giɓin da ya fi kusa. Takardar jikin jarka da Turanci take, tana magana da kaso cikin ɗari na nauyin siminti. Yaron miksa kuwa da buhu da kwano da bokiti yake lissafi: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. Sai wani ya tsaya ya mayar masa da wancan lissafi zuwa wannan, kuma aikin injiniyan wurin ne, ba na mai shago ba. Abin da muka yi a Lugbe ke nan da yammacin ranar gwaji. Muka ɗauki bokiti guda muka ja masa layi da jan fenti daidai inda ruwan buhu ɗaya zai tsaya, muka ja wani layin a ƙasa da shi don ranar da yashi ya zo a jiƙe. Muka yanke gorar ruwa daidai adadin sinadarin, yadda ko an so a zarce ba za ta ɗauka ba. Na ce a fara zuba yawancin ruwan, a bar siminti ya jiƙa, sannan a juye gorar cikin sauran ruwan a ƙarasa, kada a taɓa zuba ta a kan busasshen gari. Baba ya huda bakin gorar, ya zura igiya, ya ɗaure ta a hannun miksa. Jarkar kuma ya kai ta ɗakin ajiyar siminti inda rana ba ta kaiwa, ya sa makullin a aljihunsa.